Wa ya dangwala yatsa a madadin Iya?

Maman Fadila (Kusiri): Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ku yi haƙuri da doguwar magana, abin ne ya tsaya mini a rai tun shekaranjiya. Bayan ruwan da ya ci unguwarmu nan Kusiri, a arewacin Kamaru, wasu ma'aikata sun bi gida-gida suna rubuta waɗanda ɗakunansu suka rushe. Sun rubuta surukata Iya da jikoki biyar da take riƙo, suka ba ta wani ɗan kati mai lamba. Ta naɗe shi a leda ta ƙulle a bakin zane, wata biyu da shi take kwana. Ranar Talata aka ce a zo filin makaranta a karɓi abincin taimako. Muka fita tun bayan asuba, muka bi layi har rana ta take. Da aka zo kanmu, yaron da ke riƙe da littafin ya bi layin da yatsa, ya ɗago ya ce, "Ai wannan ta karɓa." Ya juyo mana littafin. Ga sunanta, ga lambarta, ga dangwalen yatsa shuɗi a gefe. Iya ta ware hannayenta biyu ta nuna masa, ko ɗigon tawada babu. Ya ce shi abin da ke rubuce yake bi, mu matsa na baya su shigo. Haka muka dawo da buhun da muka tafi da shi, a naɗe. Don Allah wa ya dangwala yatsa a madadin Iya? Kuma ina ake kai irin wannan kukan?

Malam Isiyaku (Mokolo): Wa alaikumus salam. Innalillahi. Allah ya ba Iya haƙuri. Kada ku yar da katin, shi ne shaidarku.

Alhaji Bala mai hatsi (Marwa): Allah ya kyauta. Amma ƙanwata, in za a faɗi gaskiya a faɗe ta duka. Shekarata 31 a kasuwar hatsi. Duk ranar da aka yi rabo a wani wuri, kwana biyu ba a yi sai kayan sun iso kasuwa. Su wa ke kawowa? Su masu karɓar ne da kansu. Na ga mace ta sauke shinkafar taimako a gaban rumfata katinta na rataye a wuya. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Talakan ma ba waliyyi ba ne.

Malam Isiyaku (Mokolo): Alhaji, ranka ya daɗe, bari in tambaye ka abu guda. Matar nan nawa ta kawo? Agoda biyu, wato kwanon awo biyu, ko buhu ashirin?

Mu nan sansanin Minawawo yana kusa da mu, tun 2013 aka buɗe shi wa 'yan gudun hijirar Najeriya, don haka mun saba ganin masu karɓar rabo a ranar kasuwa. Ana ba mace hatsi, da wake, da mai, da gishiri. Ba a ba ta kuɗin niƙa. Ba a ba ta itace, ba a ba ta kuka ko daddawa, in yaro ya kwana da zazzaɓi hatsi ba ya zama magani. Dole ta ɗebi agoda ɗaya ko biyu ta sayar don sauran ya dafu. Abin da aka ba ta ne, nata ne, ta rage wa cikinta. Wannan ba ita ta dangwala yatsa a littafin Iya ba.

Alhaji Bala mai hatsi (Marwa): To Malam, tunda ka ƙure ni. Iri biyu ne. Akwai na agoda, wannan da rana tsaka yake zuwa, a kan mace. Akwai kuma wanda ake yi maka waya bayan isha'i a ce akwai kaya, buhu 40 ko 60, farashi ƙasa da na kasuwa. In ka je za ka tarar an juye shi cikin buhunan da ba su da rubutu, amma ɗinkin bakin sabo ne fil, na hannu, kuma hatsin duk iri ɗaya, tsaf, ba tsakuwa ba ƙaiƙayi. Manomin Bogo ba ya kawo hatsi haka. Galan ɗin mai kuwa sai ka ga an kankare wajen da aka rubuta ba na sayarwa ba ne. Ni dai ban taɓa saye ba.

Habu (Injamena): Alhaji bai taɓa saye ba, amma ya san kalar zaren ɗinkin 😂

Alhaji Bala mai hatsi (Marwa): Kai yaro, ka kiyaye ni. Gani ba ci ba ne.

Sule (Garwa): Ni zan yi magana a kan littafin, don na taɓa yin aikin rubuta sunaye na wata uku, ba zan faɗi wa waɗanda na yi wa ba. Yaya Maman Fadila, satar da ta fi ciwo ba ranar rabo ake yin ta ba, tun ranar rubutu an gama.

Ga yadda abin yake. Ka shiga gari ba ka san kowa ba, sai a haɗa ka da ɗan rakiya daga gidan mai gari. Shi zai ce wannan gidan mabukata ne, wancan suna da hali. Duk ƙofar da ya wuce, ta wuce ke nan. Gida guda mai mutum goma sai a raba maka shi uku, miji daban, uwargida daban, amarya daban, kowa da katinsa. Na rubuta wani dattijo a unguwa ɗaya da safe, da la'asar na same shi zaune a wata unguwar ya canza hula, da wani sunan. Da na yi magana ɗan rakiyar ya ce tagwaye ne. Sannan in ka miƙa takardunka sun koma ofis, abin da ke dawowa ba lallai ya zama abin da ka miƙa ba. Na miƙa sunaye 212 a wani ƙauye, jerin da aka manna ya fito da 240. Ragowar 28 ban taɓa ganin fuskarsu ba.

Na Iya kuwa wata dabara ce ta daban, kuma tsohuwa. Ana duba jerin a zaɓi waɗanda ake ganin ba za su iya tada ƙura ba: tsofaffi, zawarawa, makafi, waɗanda ba su iya karatu ba. Kafin a buɗe layi an riga an dangwale musu. In sun zo a ce sun karɓa. Wa zai bi kadin tsohuwa?

Maman Fadila (Kusiri): Wallahi Sule kamar kana wurin. A bayanmu ma akwai wata makauniya da jikarta ke ja, na ji ana gaya mata irin maganar.

Garba Direba (Mora): Ai ni na san wanda ke yin wannan a Kusiri, sunansa…

Mai kula da zaure: Na goge saƙon Garba na biyu. Mun yi ƙa'ida, ba a kama sunan mutum a nan sai da hukuncin kotu. Gobe in jandarma suka zo, lambata za su fara nema. A ci gaba da magana a kan lamarin.

Garba Direba (Mora): Na ji, a yi haƙuri. To bari in faɗi ra'ayina ba suna. A daina rabon nan gaba ɗaya. Shekara goma ana raba buhu a Mayo-Sava da Logon-da-Shari, wa ya warke daga talauci? Kuɗin hayar manyan motoci, da na mangaza, wato ɗakin ajiya, da albashin masu farar mota, da an zuba su a madatsar Maga da gonakin shinkafar SEMRY a Yagwa, da mu ke ba wasu. Gadar Yagwa ta karye a ambaliyar Satumbar 2024, ita ce ke bukatar kuɗi. Rabo kura da shan bugu ne, gardi da karɓar kuɗi: da hoton talaka ake roƙo, wani ke gina bene.

Malam Isiyaku (Mokolo): Garba, rabin maganarka na yarda da ita. Amma an taɓa gwada dakatarwa, mun ga wanda ya ji a jikinsa. A Habasha, a watan Yunin 2023, Amurka da hukumar abinci ta duniya, wadda muke kira PAM, sun tsayar da rabon abinci a ƙasar baki ɗaya bayan an gano ana karkatar da shi ana sayarwa. Wata da watanni aka ɗauka kafin a dawo. Waɗanda suka karkatar ba su kwana da yunwa ko dare ɗaya ba. A Yaman ma an tsayar da wani sashe na rabo a Sana'a a 2019 kan irin wannan rigimar. Ɓarawo ya ci, a hukunta wanda aka sace wa. In ka tsayar da rabo a watan Agusta, lokacin da rumbu ya ƙare sabon hatsi bai nuna ba, madatsar da za a gama bayan shekara biyar ba za ta ciyar da jikokin Iya ba.

Kuma wa ya ce maka kuɗin madatsa ba ya ɓacewa? Hannun da ya iya ɗauke buhu zai fi jin daɗin siminti.

Garba Direba (Mora): Wannan kuma gaskiya ne, ban musa ba.

Sule (Garwa): Ai misalin yana gida. Asusun yaƙi da korona na 2020, sefa miliyar 180, wato biliyan 180. Sashen binciken kuɗi na kotun ƙoli da kansa ya bi diddigi, rahotonsa ya fito a 2021 cike da kwangilolin da aka kumbura da kuɗin da ba a iya nuna inda suka shiga ba. Ba 'yan adawa suka rubuta ba, alƙalan gwamnati ne. Muna da kotu ta musamman tun 2011 don masu cin dukiyar ƙasa daga miliyan 50 zuwa sama. To wanda ya ci buhun Iya bai kai miliyan 50 ba, sai dai in an tara na tsofaffi dubu.

Habu (Injamena): Mu a Cadi, wannan tsallaken kogin, ma labarin yunwar ɗaya ne. Gwamnati ta ayyana dokar ta-ɓaci kan abinci a Yunin 2022, ta sake a Fabrairun 2024, ga kuma 'yan gudun hijirar Sudan da ke kwarara ta Adre tun Afrilun 2023. Muna da ONASA mai ajiye hatsin ƙasa ta fito da shi da rahusa in abu ya yi tsanani, kamar yadda ku kuke da ofishin hatsi a Garwa. Niyyar mai kyau ce. Abin da na lura kawai, ko a wace ƙasa ce, muddin buhu ɗaya yana da farashi biyu, na rahusa da na kasuwa, to tazarar da ke tsakaninsu ta zama albashin wani. Mai kuɗi zai iya jera yara goma a layi kowa ya sayo masa. Wanda ba shi da ko kuɗin rahusar kuma sai kallo. Shi ya sa ni na fi son a tura wa mutane kuɗi ta waya kai tsaye. Ba mota, ba mangaza, ba ɗinkin dare.

Hajiya Inna (Ngaundere): Habu ɗana, wayar wa? Iya tana da waya? Don a yi maka rajistar layi sai da katin ɗan ƙasa, katin kuma sai da takardar haihuwa, kuma ka san tsofaffinmu nawa ne ba su da ita. Sai a yi rajista da sunan ɗan ƙane ko maƙwabci. Ƙanwar mahaifiyata haka aka yi mata a ƙauye. Kuɗi ya shigo, yaron ya je ya ciro, ya kawo mata abin da ya ga dama ya ce an rage wannan watan. Ita ba ta iya karanta saƙo ba. Mai cire kuɗin ma ya yanki nasa, ya ce ladan aiki. Ga masu kira su ce daga ofis suke, a karanto musu lambar sirri za a ƙara kuɗi. Buhu ko ba komai ana ganinsa da ido, in an rage ka ɗaga ka ji. Kuɗin waya in ya tafi ko ƙura ba ya tayarwa.

Sule (Garwa): Hajiya ta yi gaskiya, amma akwai abu ɗaya da na yaba a shirin tallafin gwamnati da Bankin Duniya ke ɗaukar nauyi, wanda aka fara gwadawa a Sulede-Ruwa da Ndop. Adadin sananne ne: sefa 20,000 duk wata biyu, sai dai biyan ƙarshen kowace shekara 80,000 ne a maimakon 20,000, jimla 360,000 cikin shekara biyu. Tunda kowa ya san lissafin, in aka miƙa wa mace 15,000 ta san an ci 5,000. A rabon buhu sau da yawa mai karɓa bai ma san kilo nawa ne haƙƙinsa ba. Wanda bai san rabonsa ba, yaya zai san an rage?

Zainabu (Amurka): Sannunku, sai yanzu na tashi daga aiki na bi saƙonnin. Kada ku ɗauka kati da na'ura sun gama magance sata. Nan akwai shirin abinci na gwamnati, SNAP, a 2024 mutum wajen miliyan 42 ne a ciki, ya ci kusan dalar Amurka biliyan 100 a shekarar. In aka raba, kowane mutum dala 6 da ɗoriya ne kawai a rana. Kati ake ba ka kamar na banki, ka saya kayan abinci a kanti. Ba ya sayen sabulu, ba ya sayen dafaffen abinci mai zafi.

Ɓarayi sai su manna wata 'yar na'ura a kan injin da ake goga katin a kanti, ta kwafe bayanan da lambar sirri. Ranar da kuɗin wata ya shigo, kafin gari ya waye an kwashe shi a wata jihar. Wata maƙwabciyata ta cika kwando, ta zo biya, aka ce saura dala 2 a katin. Ta mayar da kayan ɗaya bayan ɗaya yaranta na kallo. Da farko gwamnatin tarayya tana mayar wa mutane abin da aka sace, daga Oktoban 2022, amma damar ta ƙare a Disambar 2024. Yanzu a yawancin jihohi in an kwashe, an kwashe. Da na karanta labarin Iya ita na tuna.

Alhaji Bala mai hatsi (Marwa): Ikon Allah. Har Amurka? To su masu karɓar ba sa sayarwa?

Zainabu (Amurka): Ana yi, Baba. Wasu kantuna na ba mutum tsabar kuɗi rabin abin da aka goga. Amma ƙiyasin ma'aikatar noma ta ƙasar ya nuna wannan wajen kashi ɗaya da rabi ne cikin 100. Akwai wani adadin da 'yan siyasa ke son ɗagawa, kashi 11 da ɗoriya a 2023, su ce duk zamba ce. Alhali wannan kuskuren lissafi ne, wani an ba shi fiye da haƙƙinsa, wani an ba shi ƙasa, sau da yawa laifin ofis ko rikicin takardu. Babbar satar da aka kama kuwa ba ta masu layi ba ce. A jihar Minesota, lokacin korona, an sace kimanin dala miliyan 250 na ciyar da yara ta hannun wata ƙungiya mai suna Feeding Our Future. Sunayen yaran bogi suka jera, suka ce sun ciyar da su, suka sayi gidaje da motoci. Kotu ta kama shugabar da laifi a Maris ɗin 2025. Kun ga, sunaye 28 ɗin Sule ne, an dai ƙara sifili.

Malam Isiyaku (Mokolo): Haka aka yi a Uganda a 2018. Ana cewa 'yan gudun hijira miliyan 1.4 ne, da aka sake ƙirga su da zanen yatsa da na ido sai aka samu wajen miliyan 1.1. Kusan mutum 300,000 a takarda kawai suke, kuma ana karɓar abinci da sunansu. Don haka na'urar zanen yatsa tana da amfani, ba zan raina ta ba. Da ita aka yi rabon Kusiri, da babban yatsan wani ƙato bai zama na Iya ba. Sai dai na'ura tana tantance wanda ke cikin jeri ne, ba ta san gidan da ɗan rakiya ya tsallake ba.

Garba Direba (Mora): Maƙwabtanmu ma ai sun ga nasu. Oktoban 2020 mutane suka fasa ɗakunan ajiya a Jos da Legas suka tarar da kayan tallafin korona jibge. Janairun 2024 Tinubu ya dakatar da ministar jin ƙai kan naira miliyan 585 da aka nemi a tura asusun wani mutum. Can ko ba komai ana dakatarwa a ji a rediyo.

Hajiya Inna (Ngaundere): Ni abin da ya fi ƙona mini rai shi ne Plumpy'Nut, wannan haɗin markaɗaɗɗiyar gyaɗar da ake ba yara masu tamowa a asibiti. Sai ka gan shi a faranti a tasha ana sayarwa ɗai-ɗai, ƙatti na matsawa a burodi. Magani ne fa, an ƙirga wa yaro adadin da zai sha ya tashi. Duk wanda ya saya ya sani da bakin wa ya raba. Mu masu saye ma mu ji tsoron Allah.

Alhaji Bala mai hatsi (Marwa): Hajiya, wannan jifan na ji ya faɗo kusa da rumfata. Na karɓa.

Maman Fadila (Kusiri): Na gode muku duka, amma har yanzu ban ji inda zan dosa ba.

Sule (Garwa): Yaya, ga abin da zan yi in ni ne. Duba bayan katin da allon da aka kafa a filin, manyan ƙungiyoyi kan sa lambar kai ƙorafi ta kyauta, kuma wanda ke ɗauka ba shi ne mai littafin ba. Ki ba su lambar katin, da ranar, da wurin. Kada ki tafi ke kaɗai. Ƙorafin mutum ɗaya sai a ce kuskure ne, na mutum shida masu labari iri guda dole a buɗe littafi. Nemi makauniyar nan da duk wanda aka kora. Ku rubuta takarda da Faransanci kwafi biyu, a buga muku hatimin karɓa a kan ɗaya ku riƙe. Ku roƙi abu guda tak: a kawo littafin, Iya ta dangwala yatsa a gefen wancan a gaban shaidu. In rabon na hukuma ne kuma aka yi ta juya ku, hukumar yaƙi da cin hanci, CONAC, na da layin 1517.

Malam Isiyaku (Mokolo): Kuma ku nemi a riƙa karanta jerin sunaye da ƙarfi a bainar jama'a kafin ranar rabo, a ƙofar masallaci ko a dandali, da harshen da tsofaffi ke ji. A wani ƙauye kusa da mu an yi haka, ana kiran wani suna sai wata tsohuwa ta ce, "Wannan ai ni na yi wa matarsa zaman makoki bara." Wurin ya ɗauki dariya, mai karatun ya ja layi a kan sunan. Takardar Faransancin ki turo mini bayanan ta gefe, zan rubuta muku yau da dare.

Maman Fadila (Kusiri): Allah ya saka da alheri Malam. Yanzu na dawo daga zagayen unguwa. Na samu huɗu ban da Iya: makauniyar, da zawarawa biyu, da wani tsoho mai ciwon ƙafa da aka kai shi a baro. Lambobin katinsu kusa-kusa suke da na Iya. Bayan katin akwai lamba, gobe da safe zan kira, Alhamis kuma mu tafi gaba ɗaya. Iya ta ce in tambaye ku ko za su karɓe mata katin, don ita ba za ta sake shi ba.

Sule (Garwa): Kada ta sake shi. Ki ɗauki hotonsa gaba da baya, hoton za ki nuna.

Alhaji Bala mai hatsi (Marwa): Kafin Alhamis ɗin ai sai an ci tuwo. Motar Kusiri na tashi gobe bayan asuba, zan sa rabin buhun masakwa, ki raba musu su biyar. Turo lambar wanda zai tarba a tasha.

Habu (Injamena): Allah ya ƙara buɗi Alhaji. Yaya Maman Fadila, in ya iso ki ɗan duba mana ɗinkin bakin buhun.

Alhaji Bala mai hatsi (Marwa): Mai kula da zaure, a cire mini yaron nan.